Antibayotik da Cututtukan Sashen Sama na Hanyar Numfashi ga Yara: Magani a Madadin Dubawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake bai wa yara magungunan antibayotik idan suna fama da mura ko tari ko ciwon maƙogwaro ko ciwon kunne, sannan ta auna wannan ɗabi'a da abin da binciken likitanci ya tabbatar. Matsayar da maƙalar ta ɗauka ita ce, mafi yawan waɗannan cututtuka ƙwayoyin bairos ne ke haddasa su, waɗanda antibayotik ba shi da tasiri a kansu, amma kuma kiran da ake yi na a rage bayar da maganin ba zai haifar da ɗa mai ido ba a ƙasashen da limoniya da mashaƙo da lalacewar zuciya ke hallaka yara, sai fa idan an haɗa shi da duba yaro yadda ya kamata, domin a lokuta da dama ana rubuta maganin ne don ya maye gurbin dubawar da ba a yi ba.

1.0 Gabatarwa

Masana ilimin jikin ɗan Adam sun kasa hanyar numfashi kashi biyu. Sashen sama ya ƙunshi hanci, da kogunan iska da ke cikin ƙasusuwan fuska waɗanda ake kira sainos, da maƙogwaro, da maƙoshi inda murya take fita, kuma akan haɗa da tsakiyar kunne saboda wani siririn bututu da ya sada ta da bayan hanci. Shi kuwa sashen ƙasa shi ne bututun iska da rassansa da huhu, inda ciwon huhu da aka fi sani da limoniya ko ciwon haƙarƙari yake kama yaro. Cututtukan sashen sama suna cikin manyan dalilan da ke sa a kai yaro asibiti a ko'ina a duniya, kuma ba abin mamaki ba ne ƙaramin yaro mai ƙoshin lafiya ya yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara guda, adadin da kan ƙaru a gidajen da ke da cunkoso da kuma lokacin hunturu, sa'ad da ƙura da bushewar iska da hayaƙin itace suke raunana fatar cikin hanci, mutane kuma suke cunkushewa a ɗaki ɗaya saboda sanyi.

Antibayotik magani ne da ke kashe bakteriya ko ya hana ta hayayyafa. Ita bakteriya halitta ce mai rai wadda ido ba ya gani, tana da bangon da ya kewaye ta da kuma sassan da take gina kanta da su, kuma waɗannan sassa ne maganin yake kai wa farmaki. Fenisilin da amoksisilin, alal misali, bangon suke rushewa. Bairos kuwa ba shi da bango irin wannan, ba shi kuma da sassan gina kansa, sai dai ya kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ya yi amfani da nasu wajen hayayyafa, saboda haka antibayotik ba shi da abin da zai kama a jikinsa. Tun da rainobairos da bairos ɗin mura mai tsanani da ake kira infuluwenza da adinobairos da danginsu su ne ke haddasa kusan dukkan mura da mafi yawan ciwon maƙogwaro, abin da ya kamata a tambaya shi ne dalilin da ya sa maganin da ba ya aiki a kan cutar ya zama shi ne aka fi bayarwa a kanta.

2.0 Yadda mura take tafiya a jikin yaro

Mura takan soma da atishawa da ƙaiƙayin maƙogwaro da yoyon majina tsinkakka, sau da yawa tare da zazzaɓi na kwana 2 ko 3, sannan majinar ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko koriya, daga baya ta tsinke ta bushe. Wannan sauyin launi shi ne iyaye da ma wasu ma'aikatan lafiya suke ɗauka a matsayin alamar cewa bakteriya ta shiga, alhali kuwa launin yana fitowa ne daga wani sinadari da ke cikin fararen ƙwayoyin jini waɗanda jiki yake turawa hanci don yaƙar cutar, ko bairos ce ko bakteriya. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, wanda mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2013, ya nuna cewa sai an kai kwana 15 kafin kashi 90 cikin 100 na yara su rabu da mura, tari kuwa yakan kai kwana 25 kafin adadin ya cika, ciwon kunne kuma kwana 7 zuwa 8. Rashin sanin wannan tsawon lokaci yana da babban tasiri, domin uwa takan nemi magani ne a kwana na 3 ko na 4 lokacin da ciwon ya kai ƙololuwa, idan kuma yaro ya sami sauƙi bayan kwana biyu, kamar yadda da ma zai samu, sai a jingina sauƙin ga maganin da aka saya, a kuma sake neman sa duk ranar da mura ta dawo.

Cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani na duniya ta tace su, ta kai ga matsayar cewa antibayotik ba ya rage tsawon mura ga yara ko manya, ko da majina ta yi kauri ta sauya launi. Hujjar da aka fi kafawa, wato ana ba da maganin ne don kada mura ta sauka ƙirji, ita ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Wani bincike da aka yi a kan bayanan marasa lafiya na Birtaniya, wanda aka buga a 2007, ya gano cewa sai an bai wa mutum fiye da 4,000 antibayotik kafin a hana limoniya guda ɗaya bayan mura. Gaskiya ne cewa yaran Birtaniya sun fi na yankin Sahel samun abinci da allurar rigakafi, don haka ba a ɗora wannan adadi a kan yaran Kano ko Maraɗi kai tsaye, to amma ko da haɗarin ya ninka sau goma, ɗaruruwan yara ne za su sha maganin da ba su buƙata domin a kare ɗaya wanda da an sake duba shi bayan kwana biyu da an gane ciwonsa an kuma yi masa magani.

3.0 Girman al'amarin da dalilansa

Wani nazari da mujallar Lancet mai kula da cututtuka masu yaɗuwa ta buga a 2020, wanda ya dubi asibitoci a ƙasashe 8 da suka haɗa da Kenya da Malawi da Sanagal da Tanzaniya da Yuganda, ya gano cewa an rubuta antibayotik ga kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da aka ce suna da ciwon hanyar numfashi, kuma ya ƙiyasta cewa kafin yaro ya cika shekara 5 an rubuta masa maganin kusan sau 25. Wannan lissafi na asibiti ne kawai, bai haɗa da abin da ake saye a kemis ba. Matsalar ba ta ƙasashe matalauta kaɗai ba ce, domin a Amurka ma binciken 2016 ya nuna cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na antibayotik ɗin da ake rubutawa marasa lafiyar da ba a kwantar ba, ba a buƙatar sa.

Ba jahilcin ma'aikaci ne babban dalili ba, kuma duk shirin gyara da aka gina a kan wannan zato zai sha ƙasa. Ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin karkara yana ganin yaro sau ɗaya ne, a cikin 'yan mintuna, ga layin mata a bakin ƙofa, ba shi da ɗakin gwaji, kuma ya san cewa idan ciwon ya tsananta da wuya a dawo da yaron a kan lokaci, saboda nisa da kuɗin mota da kuma jiran izinin maigida. A irin wannan hali rubuta amoksisilin wata kariya ce ga shi kansa, domin idan yaron ya rasu ba za a ce bai ba da magani ba, ita kuwa illar maganin da ba a buƙata babu mai ganin ta a ranar, balle ya tuhume shi a kanta.

Gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa ya ƙara fito da wannan a fili. A da duk zazzaɓi maleriya ne, to da gwajin ya fara nuna cewa yara da yawa ba su da ita, sai aka bar ma'aikaci da yaro mai zafin jiki ba tare da sunan cuta ba. Wani nazari na 2017 da ya tattara bayanan fiye da mutum rabin miliyan a Afirka da Afganistan ya nuna cewa an bai wa kashi 69 cikin 100 na waɗanda gwajin bai nuna maleriya a jikinsu ba antibayotik, idan aka kwatanta da kashi 40 na waɗanda aka same su da ita. Abin lura shi ne, binciken da aka yi a Tanzaniya a kan yara 1,005 masu zazzaɓi, wanda aka buga a 2014, ya gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 bairos ne ke damun su, bakteriya kuwa kashi 22. Wato an rage shan maganin maleriya ba bisa ƙa'ida ba, sai aka cike gurbin da wani maganin da shi ma ba a bisa ƙa'ida yake ba.

Akwai kuma zaton da ma'aikaci yake yi game da abin da iyaye suke so. Wani bincike da aka yi a Amurka, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa idan likita ya zaci uwa tana son antibayotik yakan rubuta shi a kashi 62 cikin 100 na cututtukan bairos, idan kuwa bai zata ba sai ya rubuta a kashi 7 kacal, kuma zaton nasa bai dace da ainihin abin da iyayen suke so ba. Abin da ya fi gamsar da su shi ne bayanin da aka yi musu. A ƙasar Hausa, inda ake ganin wanda ya je asibiti ya dawo hannu rabbana kamar ya yi asarar tafiya, inda kuma ake fifita allura a kan maganin sha, wannan matsin lamba ya fi nauyi, sai dai ba hujja ba ce ta ɗauka cewa uwa ba za ta fahimci bayani ba tun kafin a yi mata shi.

Daga nan sai kemis, wanda ga dubban iyalai a arewacin Najeriya shi ne asibitin farko, wani lokaci kuma shi ne na ƙarshe, kamar yadda masu tallar magani a kasuwa da tasha suke a garuruwan Nijar. Lasisin da Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya take bai wa masu ƙananan shagunan magani bai ba su damar sayar da galibin antibayotik ba, amma a aikace ana sayar da shi gwargwadon kuɗin mai saye, kafso biyu ko uku a ƙulle da farasitamol, ko kwalbar Septrin ko Ampiclox da za a sha kwana biyu a ajiye ragowar don ƙanin yaron. Garin amoksisilin da aka riga aka zuba wa ruwa kuwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu da ƙarfinsa, zafin bazara ma yana ƙara gaggauta lalacewarsa. Ƙari a kan haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici jabu ne ko mara inganci, kuma antibayotik da maganin maleriya ne aka fi kai rahoto a kansu.

4.0 Illar da ke biyo baya

Illa ta farko a jikin yaron take, wato gudawa da amai da ƙuraje, kuma a gwaje-gwajen ciwon kunne an ga cewa a cikin kowane yara 14 da aka bai wa maganin ɗaya yakan sami irin wannan illa wadda da bai sha ba da bai samu ba. Gudawa ga yaron da tamowa ta riga ta raunana ba ƙaramin abu ba ce. Wasu magungunan ma haɗarinsu ya wuce nan, domin tetirasaikilin yana ɓata launin haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba har abada, kuloramfenikol kuwa yana iya tsayar da ɓargo daga yin jini.

Illa ta biyu ita ce bijirewar bakteriya ga magani. Hanci da maƙogwaro da hanjin kowane yaro cike suke da bakteriya da ke zaune lafiya da shi, daga cikinsu har da numokokas, wadda takan zauna a bayan hanci ba tare da cutarwa ba, amma idan ta sami dama ita ce kan gaba wajen haddasa limoniya, tana kuma cikin masu haddasa sanƙarau. Duk lokacin da aka sha antibayotik, masu rauni a cikin waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa, masu jure wa maganin kuma su sami fili su yaɗu, su kuma wuce zuwa ga sauran yaran gida. Wani nazari na 2010 ya nuna cewa wannan tasiri ya fi ƙarfi a watan farko bayan shan maganin, kuma yana iya kaiwa watanni 12. Ma'anar wannan ita ce, amoksisilin ɗin da aka bai wa yaro a kan mura a farkon hunturu yana iya zama dalilin da zai sa maganin ya gaza idan limoniya ta kama shi kafin hunturun ya fita. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure wa maganin.

Babban nazarin da Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, tana kuma da hannu a mutuwar miliyan 4.95, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, inda aka sami kimanin mutum 27 a cikin kowane 100,000, sannan kusan ɗaya cikin biyar na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Domin tunkarar matsalar bijirewa ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik rukuni uku a 2017, a tsarin da ake kira AWaRe: na farko su ne waɗanda ya kamata a samu ko'ina a kuma fara da su, kamar amoksisilin, na biyu su ne na sa-ido saboda saurin haifar da bijirewa, kamar azitiromaisin da sefikzim da seftiriyakzon, na uku kuma na ajiya ne don ranar da komai ya gaza. A watan Satumba na 2024 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa nan da 2030 aƙalla kashi 70 cikin 100 na antibayotik ɗin da mutane suke sha ya zama daga rukunin farko. Allurar seftiriyakzon da ake yi wa yaro mai mura kuskure biyu ne a haɗe, domin ba a buƙatar maganin tun farko, sannan wanda aka zaɓa yana cikin waɗanda ake dogaro da su wajen ceto mai sanƙarau.

5.0 Inda maganin yake wajibi

A nan ne ya kamata a yi hattara, kada garin gyaran gira a rasa ido, domin ƙa'idojin da aka tsara a Turai an gina su ne a kan al'ummar da wasu cututtuka suka kusa ɓacewa a cikinta, alhali suna nan daram a yankin Sahel.

Ciwon maƙogwaro shi ne misali mafi muhimmanci. Kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ciwon maƙogwaron yara 'yan shekara 5 zuwa 15 wata bakteriya ce ke haddasa shi, mai suna sitireptokokas rukunin A, wadda ba kasafai take kama 'yan ƙasa da shekara 3 ba. Ta fuskar raɗaɗi amfanin antibayotik kaɗan ne, tun da abin da yake ragewa a tsawon ciwon bai wuce kimanin awa 16 ba. Amma makonni 2 zuwa 3 bayan ciwon, garkuwar jikin wasu yara takan juya ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya, abin da ake kira zazzaɓin rumatik, kuma idan ya maimaita sai ƙofofin su lalace har abada. A 2019 kimanin mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan ciwon zuciya a duniya, ya kuma kashe kusan 300,000 a shekarar, galibinsu a ƙasashe matalauta, kuma fenisilin yana rage haɗarin zazzaɓin da kusan kashi biyu cikin uku idan aka fara shi cikin kwana 9 da soma ciwon. Alamomin da ke karkata ga bakteriya, waɗanda likita Centor ya tsara a 1981, likita McIsaac kuma ya ƙara musu ma'aunin shekaru a 1998, su ne zazzaɓi, da kumburi ko farin ruɓa a kan ƙululu biyun nan na gefen maƙogwaro da ake kira tonsil, da kaluluwa mai zafi a gaban wuya, da kuma rashin tari. Idan kuwa akwai tari da majina da dishewar murya da jan ido, to bairos ya fi kusa. Maganin shi ne fenisilin ko amoksisilin na kwana 10 cif, ko allurar benzatin fenisilin guda ɗaya, kuma har yau ba a tabbatar da bijirewar wannan bakteriya ga fenisilin ba, saboda haka babu dalilin tsallakawa zuwa magani mai tsada. Abin takaici shi ne, yaron da ke buƙatar kwana 10 shi ne ake saya wa na kwana 2, ko a kai shi wurin wanzami a cire masa beli, aikin da ba ya warkar da ciwon, yana kuma jawo zubar jini da shigar wasu cututtuka.

Mashaƙo ya ƙara wa wannan batu nauyi. Tun daga ƙarshen 2022 annobarsa ta ɓarke a Najeriya, Jihar Kano ce kuma ta fi kowace yawan waɗanda suka kamu, mafi yawansu yaran da ba a yi wa rigakafi ba ko ba a kammala musu ba. Ciwon yakan fara kamar ciwon maƙogwaro na yau da kullum, sannan wata fata mai ruwan toka ta manne a maƙogwaro wadda take jini idan aka kankare ta, wuya kuma ya kumbura. Abin da ke ceton rai shi ne allurar karya dafin ƙwayar cutar da wuri tare da antibayotik, kuma kafso ɗin kemis ba abin da yake yi illa jinkirta zuwa asibiti har dafin ya kai ga zuciya. Ba a gane wannan ciwo sai an buɗe bakin yaro an haska.

Ciwon tsakiyar kunne yana tsakanin inda maganin yake wajibi da inda ba a buƙatar sa. Kashi 60 cikin 100 na yara zafin yakan lafa cikin awa 24 ko an ba da antibayotik ko ba a ba da ba, kuma sai an yi wa kimanin yara 20 magani kafin ɗaya ya sami sauƙin da ba zai samu da kansa ba a kwana na 2 zuwa na 3. Waɗanda suka fi amfana su ne 'yan ƙasa da shekara 2 da ciwon ya kama kunnuwa biyu, da waɗanda kunnensu ke zubar da mugunya. Ga yaron da ya haura shekara 2 kuma ciwon bai tsananta ba, ana iya ba da maganin raɗaɗi a jira kwana 2 zuwa 3, da sharaɗin za a iya dawo da shi. Inda wannan sharaɗi ba zai cika ba, ba da amoksisilin ya fi kusa da daidai, ganin yadda kunne mai ruwa yake jawo kurumta ga yaran karkara. Shi kuwa sainos, ba a zargin bakteriya sai majina da tari sun wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ciwon ya dawo da ƙarfi bayan ya fara lafawa, ko zazzaɓi ya kai digiri 39 tare da majina mai kauri kwana 3 a jere.

Mafi girman aiki shi ne rarrabe mura da limoniya, kuma abin da yake buƙata minti ɗaya ne. Tsarin kula da cututtukan yara a dunƙule, wanda ma'aikata suka fi sani da IMCI, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1990, ya tanadi cewa a ƙirga numfashin yaro na minti guda yana cikin natsuwa: sau 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5, duk saurin numfashi ne. Tun gyaran 2014, yaron da ya haura wata 2 mai saurin numfashi ko lotsawar ƙasan ƙirji idan ya ja iska ana ba shi amoksisilin, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyinsa sau biyu a rana, wanda kuwa ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da komai, ko jijjiga, ko ba a iya tashe shi daga barci, a tura shi babban asibiti nan take. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan mura ce, kuma tarin da ya wuce kwana 14 binciken tarin fuka ko asma yake buƙata, ba wata sabuwar kwalba ba. Jarirai sababbin haihuwa da masu tamowa mai tsanani da masu sikila ba sa cikin waɗanda ake cewa a jira a gani. Wani giɓi da ya kamata a lura da shi shi ne, tsarin ya tsaya ne a shekara 5, alhali daga nan ne haɗarin zazzaɓin rumatik yake somawa.

Masu ganin a yawaita ba da maganin suna iya kawo hujjar gwajin MORDOR, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, inda raba wa ƙananan yara azitiromaisin sau biyu a shekara ya rage mace-mace da kimanin kashi 18 cikin 100 a yankin Dosso na Nijar. Wannan sakamako gaskiya ne, kuma yana nuna yawan cututtukan bakteriya da ke kashe yara ba tare da sun ga ma'aikacin lafiya ba, to amma shiri ne mai ƙayyadadden lokaci da ma'auni da sa-ido, kuma a cikinsa ma an ga ƙaruwar bijirewa ga dangin maganin, don haka bai zama lasisin ba da shi ga kowane mai majina ba.

6.0 Abin da aka gwada ya yi aiki

A Faransa, gangamin wayar da kai da aka fara a 2002 ya rage rubuta antibayotik a lokacin sanyi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a cikin shekara 5. A lardin Guangxi na ƙasar Sin, gwajin da aka buga a 2017 ya haɗa horar da likitocin karkara da bitar takardun maganinsu kowane wata a tsakanin abokan aiki da ilmantar da iyaye, sai rubuta maganin ga yara masu ciwon sashen sama ya sauko daga kashi 82 zuwa 40 cikin 100, yayin da a asibitocin da ba a taɓa ba ya sauko daga 75 zuwa 70 kawai. A Tanzaniya, manhajar ALMANACH, wadda take jagorantar ma'aikaci mataki bayan mataki wajen duba yaro, ta rage shi daga kashi 84 zuwa 15 ba tare da yaran sun cutu ba, kuma daga baya an yi amfani da ita a ƙananan asibitocin Jihar Adamawa. A gwaji biyun na ƙarshe ba hani aka yi wa ma'aikaci ba, an ba shi abin da zai dogara da shi ne idan ya ce ba a buƙatar magani.

Uwa ma tana buƙatar abin da za ta koma gida da shi: farasitamol gwargwadon nauyin yaro, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, da ci gaba da shayarwa da yawan ruwa, da ɗigon ruwan gishiri a hanci, da zuma ga wanda ya haura shekara 1 kawai, sannan a faɗa mata kwanakin da tarin zai ɗauka da alamomin da za su sa ta dawo ko da tsakar dare ne. Maganin tari na kwalba ba madadi ba ne ga ƙananan yara, mutuwar kimanin yara 70 a Gambiya a 2022 sakamakon gurɓataccen maganin tari kuwa ta isa gargaɗi. Allurar fenta da Najeriya ta fara a 2012, wadda ke kare mashaƙo da tarin shiƙa, da ta numokokas da aka fara a 2014, suna rage cutar da kuma tsoron da ke sa a rubuta magani.

Najeriya ta yi shirin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta na 2017 zuwa 2022, ta kuma fito da na biyu na 2024 zuwa 2028, sai dai nasararsa a kan yara za ta tabbata ne a ɗakin duba marasa lafiya na ƙauye da kuma kan teburin mai kemis. Don haka ake kira ga hukumomin lafiya a matakin farko na jihohi, da makarantun horar da jami'an lafiya, da masu sa-ido a kan shagunan magani, da su tabbatar kowane wurin da ake kai yaro mai tari yana da agogon ƙirga numfashi da tocila da sikelin awon nauyi da ingantaccen amoksisilin mai narkewa a ruwa, a shigar da masu kemis cikin horon gane alamomin haɗari da tura yaro asibiti, a faɗaɗa ƙa'idar duba maƙogwaro zuwa 'yan shekara 5 zuwa 15, kuma a wajabta rubuta adadin numfashin yaro a katinsa kafin a rubuta masa antibayotik ko a hana shi.